WACE DOKA CE TA SHAFE NI A YAU?

Darasi a kan zamanan da ke cikin Littafi Mai Tsarki

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-31 da 2 Timoti 3:14-17

 Ka ɗauko Littafi Mai Tsarki, ka tara iyalinka, mu yi wannan darasi tare.

Buɗe Littafin Firistoci sura 19. Aya 18 tana koya mana ƙaunar maƙwabci, kowane mai bi kuwa ya yarda wannan wajibi ne a kansa. Amma dubi aya 19 da ke biye da ita. A can an hana shuka iri biyu a gona ɗaya. To, kai da ka shuka hatsi ka bi shi da wake a tsakani, kamar yadda kakanninka suka yi, zunubi ka yi ke nan?

Koma sura 11. An hana cin naman raƙumi, da zomo, da alade, da kowane kifi marar kamɓori a jikinsa. Tarwaɗar da ake kamawa a tabkin Madarunfa tana cikin wannan hani. Fara ce aka halatta. In haka ne, me za mu ce da ɗan'uwanmu na Tawa wanda ya sayi naman raƙumi a kasuwa?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Maƙwabcinka yakan ce maka, "Ku Kirista kun ce kuna bin Attaura, amma kuna zaɓen abin da ya yi muku daɗi, kuna barin saura." Ɗanka da ya iya karatu zai yi maka irin wannan tambaya wata rana. In ba ka da amsa, ɗaya daga cikin abu biyu zai faru. Ko dai a ɗora wa gidanka kayan da Allah bai ɗora ba, ko kuwa yaranka su ce tun da ana barin waɗansu dokoki, ai ana iya barin duka.

MAIGIDA ƊAYA, LOKATAI DABAM DABAM

Ka tuna da abin da ka sani a gona. Da damina, maigida yakan ce wa yaransa, "Ku ɗaure awaki da tumaki, kada ko ɗaya ta fita." Yaron da ya saki akuya ta shiga gonar mutane, zai sha faɗa, a biya tara kuma. Amma bayan an gama girbi an kai damman hatsi rumbu, wannan maigida da kansa yakan ce, "Ku saki dabbobi su shiga gonaki su ci kara." Maigidan ya yi ƙarya ne da farko? Ko ya canza hali? A'a. Mutum ɗaya ne, nufinsa kuma ɗaya, wato gidansa ya ƙoshi. Lokaci ne ya juya. Yaron da ya riƙe umarnin damina har cikin rani, dabbobinsa za su rame a turke, ga abinci zube a gona.

Haka Allah yake riƙon gidansa. Manzo Bulus ya yi amfani da wata kalmar Helenanci a Afisawa 1:10 da 3:2, wadda ma'anarta ita ce riƙon gida, wato yadda maigida yake tafiyar da gidansa, da abin da yake danƙa wa barorinsa. Ibraniyawa 1:1-2 ta nuna mana Allah ya yi magana da kakanni kaɗan kaɗan ta bakin annabawa, daga baya ya yi magana ta wurin Ɗansa. Bai bayyana kome a rana ɗaya ba.

Ɗauki zancen abinci. A Farawa 1:29 Allah ya ba Adamu tsire-tsire da 'ya'yan itatuwa. A Farawa 9:3-4 ya ƙara wa Nuhu naman dabbobi, sai dai ya hana jini. A zamanin Musa ya raba wa Isra'ila dabbobi masu tsarki da marasa tsarki. A Markus 7:18-19 Yesu ya koyar cewa abin da ya shiga cikin mutum ba shi ne yake ƙazantar da zuciyarsa ba. Umarni huɗu ke nan a kan abu ɗaya, daga bakin Allah ɗaya. Ba wanda zai iya bin su duka a lokaci guda. Dole ka san wanne ne na zamaninka.

ZAMANAI BAKWAI

Wannan hanya ta karanta Littafi Mai Tsarki ita ake kira koyarwar zamanai. Tun dā masu bi sun san akwai bambanci tsakanin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Amma wanda ya tsara koyarwar ya baza ta shi ne John Nelson Darby, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1882, ya yi wa'azi a Ingila da Turai da Amurka. A 1909 wani fasto Ba'amurke mai suna C. I. Scofield ya fitar da Littafi Mai Tsarki na Turanci mai bayani a ƙarƙashin ayoyi, ya raba tarihin duniya kashi bakwai. Da yawa daga cikin masu mishan na Amurka da Kanada sun yi karatu da littafinsa. Mishan ɗin SIM ya fara aiki a Damagaram a 1924, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, koyarwar kuwa ta shigo ikilisiyoyinmu ta bakin malamanmu na farko. Ga zamanan yadda Scofield ya jera su:

1. Zamanin rashin laifi: Adamu da Hawwa'u a gonar Aidan, kafin su yi zunubi.

2. Zamanin lamiri: daga faɗuwar Adamu zuwa ruwan tufana. Mutum ya san nagarta da mugunta a zuciyarsa, amma ya zaɓi mugunta.

3. Zamanin mulkin mutum: daga Nuhu. Allah ya ba mutane ikon hukunta mai kisankai. Suka taru suka gina hasumiyar Babila don girman kansu.

4. Zamanin alkawari: daga kiran Ibrahim zuwa Dutsen Sinai.

5. Zamanin Shari'a: daga Musa zuwa gicciyen Almasihu.

6. Zamanin alheri, wato zamanin ikilisiya: shi ne muke ciki yanzu, har Ubangiji ya komo.

7. Zamanin mulki: sarautar Almasihu ta shekara 1000 da aka ambata a Wahayin Yahaya sura 20.

Sai ka lura, ba wata aya da ta ce zamanai bakwai ne. Malamai ne suka jera su domin su taimake mu, kamar yadda ake sa duwatsu a kan iyakar gona. Akwai masu bi na ƙwarai da suke lissafta su dabam, akwai kuma waɗanda suka fi son yin magana a kan alkawaran Allah maimakon zamanai. Kada ka yi gardama da ɗan'uwa a kan lissafi. Iyakar da ta fi kowace muhimmanci gare ka ita ce wadda ke tsakanin na biyar da na shida, gama a nan gicciye yake tsaye.

ABIN DA BA YA CANZAWA

Kafin mu ci gaba, riƙe abu biyu da kyau.

Na fari, halin Allah ba ya canzawa. Abin da ya ƙi a zamanin Nuhu, wato ƙarya, da zalunci, da zina, da tsafi, har yau yana ƙinsa.

Na biyu, hanyar ceto ɗaya ce tun daga farko. Ba a taɓa ceton mutum da kiyaye Shari'a ba. Farawa 15:6 ta nuna bangaskiyar Ibrahim ce aka lissafta masa adalci, Galatiyawa 3:17 kuwa ta ce Shari'a ta zo shekara 430 bayan alkawarin. Sa'ad da Dawuda ya yi zina ya kuma sa aka kashe Uriya, hukuncin Shari'a a kansa mutuwa ne. Jinƙan Allah ya roƙa a Zabura 51, shi ne kuwa ya samu. Mutanen dā sun dogara ga alkawarin Mai Ceto mai zuwa, mu kuwa muna dogara ga Mai Ceto wanda ya riga ya zo. Jinin nan ɗaya ne ya fanshe mu duka.

MANZANNI SUN RIGA SUN YANKE SHARI'AR

Tambayar nan tamu ta taso tun manzanni suna da rai. Waɗansu mutane suka zo Antakiya daga Yahudiya suna cewa sai Al'ummai sun yi kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa za su sami ceto. Bulus da Barnaba suka ƙi. Aka kai maganar Urushalima gaban manzanni da dattawan ikilisiya, wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu. Bitrus ya tuna musu yadda Allah ya ba Karniliyas da mutanen gidansa Ruhu Mai Tsarki ba tare da kaciya ba. Ya kira Shari'a karkiya wadda ko Yahudawa ba su iya ɗauka ba. Yakubu ya yarda da shi. Suka rubuta wasiƙa zuwa ga masu bi na Al'ummai, suka roƙe su su guji abu huɗu kaɗai: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman da aka maƙure, da fasikanci.

Ya mai karatu, mu ne Al'umman nan. Bahaushe, da Bazabarme, da Bafillace, da Buzu, da Babarbare, ba waninmu da kakansa ya tsaya a gindin Dutsen Sinai. A 1 Korantiyawa 10:32 Bulus ya ambaci jama'a uku: Yahudawa, da Al'ummai, da ikilisiyar Allah. Dā kai Ba'al'umme ne, yanzu kana cikin ikilisiya. Ba a taɓa sa ka ƙarƙashin alkawarin Sinai ba. Ko Yahudawan ma, Galatiyawa 3:24-25 ta ce Shari'a kamar mai reno ce da ta riƙe su har Almasihu ya zo.

TAMBAYOYI HUƊU

Duk sa'ad da ka gamu da wani umarni ko alkawari, yi wa kanka waɗannan tambayoyi:

1. Wa yake magana, da wa kuma yake yi?

2. A wane zamani aka faɗe shi, kafin gicciye ko bayansa?

3. Me Yesu da manzanninsa suka ce a kansa? Sun maimaita shi, ko sun ce ya cika, ko sun canza shi?

4. Me yake koya mini game da halin Allah da Almasihu?

Tambaya ta huɗu tana da amsa kullum, ko a wace sura kake. In wasiƙa ta zo daga ubanku zuwa ga wanka, akan karanta ta a tsakar gida kowa ya ji. In uban ya ce wanka ya sayar da sa, ba kai za ka ja sa zuwa kasuwa ba. Duk da haka ka ji muryar ubanka, ka san abin da yake so da abin da yake ƙi. Dukan Littafi Mai Tsarki domin amfaninka aka rubuta shi, amma ba kowane umarni ne aka aiko da sunanka ba. Ko a bakin Yesu kansa haka yake. A Matiyu 10:5-6 ya hana almajiransa zuwa wurin Al'ummai. Bayan ya tashi daga matattu, a Matiyu 28:19, ya aike su ga dukan al'ummai. Da sun tsaya a umarni na fari, da bishara ba ta iso Maraɗi ba.

MU GWADA A KAN ZAMAN GIDANMU

Iri biyu a gona. An ba Isra'ila wannan doka domin ko a gona da tufafi su tuna su jama'a ce keɓaɓɓiya. Manzanni ba su ɗora wa ikilisiya ita ba. Shuka hatsinka da wakenka da gujiyarka da kwanciyar rai. Darasin da ya rage maka shi ne kada ka gauraya bin Yesu da bin boka. Ƙaunar maƙwabci kuwa, Yesu ya maimaita ta, Bulus da Yakubu ma sun maimaita, saboda haka tana kanka.

Abinci. 1 Timoti 4:4-5 ta halatta abin da aka karɓa da godiya. Amma Romawa 14 ta ce kada 'yancinka ya zama sanadin tuntuɓe ga wani. Muna zaune cikin dangi da maƙwabta waɗanda suke ƙyamar naman alade. In cinsa zai sa su ƙi shiga gidanka su ji bishara, barinsa saboda ƙauna ya fi. Naman da aka yanka wa iskoki a wurin bori ko a gindin itacen tsafi kuwa, kada ya shiga bakinka.

Hadaya. Kowace shekara babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin dabba, bisa ga Firistoci 16. Ibraniyawa 10 ta ce wannan inuwa ce, Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, ya gama. Ranar da ya mutu labulen Haikali ya tsage. A shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikalin, hadayun suka tsaya. Ka yanka rago ka ci da baƙi ranar suna ko ranar Kirsimati, ba laifi. Amma kada ka zubar da jinin dabba don neman gafara ko tsari.

Kaciya. Al'adarmu ce, ba wanda ya hana ka kai ɗanka wurin wanzami ko likita. Bulus ya yi wa Timoti kaciya don kada Yahudawa su ƙi jinsa, amma ya ƙi a tilasta wa Titus sa'ad da aka mai da ita sharaɗin ceto. Ba ta ƙara wa mutum kome a gaban Allah.

Asabar. Fitowa 31:13-17 ta ce alama ce tsakanin Allah da Isra'ila. Wanda yake so ya kiyaye ta bisa ga Shari'a, kada matarsa ta hura wuta a ranar (Fitowa 35:3), mai tara itace kuwa hukuncinsa jifa ne (Littafin Ƙidaya 15:32-36). Tara daga cikin Dokoki Goma an maimaita su a Sabon Alkawari, amma ba a umarci ikilisiya da Asabar ba, Kolosiyawa 2:16-17 ma ta hana a hukunta mu a kanta. Masu bi na fari sukan taru ranar farko ta mako, ranar da Ubangiji ya tashi (Ayyukan Manzanni 20:7). Ka huta ran Lahadi, ka bar jakinka ya huta, ka kai iyalinka sujada da murna.

Aure. Wani yakan ce, "Ibrahim da Yakubu da Dawuda sun tara mata, don me ni ba zan ƙara ba?" Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin abin da suka yi, bai umarce ka ka yi ba. Karanta kishin Saratu da Hajaratu, da na Rahila da Lai'atu, da kukan Hannatu. A Matiyu 19:4-8 Yesu ya mai da mu ga farkon halitta, namiji ɗaya da mace ɗaya. Wanda bishara ta same shi da mata biyu, kada ya yi gaggawar korar kowa. Ya je wurin fasto da dattawa su duba Maganar Allah tare.

Zakka. Isra'ila sun ba da ɗaya bisa goma domin Lawiyawa da matalauta. Sabon Alkawari bai yanka mana adadi ba, ya ce kowa ya bayar gwargwadon samunsa da farin ciki (1 Korantiyawa 16:2, 2 Korantiyawa 9:7). Dami ɗaya cikin goma ma'auni ne mai kyau na farawa. In mutanen Shari'a sun ba da haka, mu da muka ga gicciye za mu gaza su?

Fari da yunwa. Maimaitawar Shari'a 28 ta yi wa al'ummar Isra'ila alkawarin ruwa in sun yi biyayya, da fari in sun ƙi. Sharaɗin zamansu ne a ƙasar Kan'ana. Ƙasarmu ta sha yunwa a 1973 da 1974, da 1984, da 2005, masu aminci da marasa aminci suka wahala tare. Kada ka ɗauki wannan sura ka ce wa gwauruwa zunubinta ne ya ƙone mata gona. Sa'ad da yunwa ta auku a zamanin manzanni, masu bi na Antakiya gudummawa suka tara suka aika Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Wannan ne gurbin da aka bar mana.

GARGAƊI

Wuƙar da ake yanka nama da ita tana iya yanke yatsa. Waɗansu sun wuce gona da iri wajen rarraba Littafi Mai Tsarki. Wajen shekara ta 144 ikilisiyar Roma ta fitar da wani mutum mai suna Markiyon domin ya yar da Tsohon Alkawari ɗungum. A Ingila kuma, wani malami mai suna E. W. Bullinger, wanda ya rasu a 1913, ya koyar cewa ikilisiya ta zamaninmu ba ta fara ba sai bayan ƙarshen Ayyukan Manzanni. Masu bin wannan hanya suka bar baftisma ta ruwa, waɗansunsu har da Jibin Ubangiji. Kada ka bi su. Ubangiji da kansa ya ba da waɗannan biyu, manzanni kuma suka kiyaye su.

In wani ya ce maka koyarwar Yesu a kan dutse ba ta shafe ka ba, don haka ba sai ka gafarta wa maƙiyinka ba, buɗe masa Romawa 12, ya ga Bulus ya koya wa ikilisiya abu ɗaya. In ya ce muna cikin alheri, don haka zunubi ba kome, buɗe masa Romawa 6. Nassin da Timoti ya sani tun yana yaro Tsohon Alkawari ne, shi ne kuma Bulus ya ce hurarre ne, mai amfani wajen koyarwa da tsautawa. A hanyar Imuwasu, daga littattafan Musa da na annabawa Yesu ya nuna kansa ga almajirai biyu. Wanda ya bar karatun Tsohon Alkawari ba zai gane dalilin da aka kira Yesu Ɗan Rago na Allah ba.

Saboda haka ka karanta wa iyalinka duka, daga Farawa har Wahayin Yahaya. In maƙwabcinka ya sake tambayarka, ka amsa masa da ladabi. Ka ce ba mu zaɓi abin da ya yi mana daɗi ba. Attaura da kanta ta nuna Mai Zuwa, ya kuwa zo ya cika ta, shi muke bi.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Me ya sa umarnin maigida na damina ya bambanta da na rani?

2. Ta yaya Ibrahim ya sami karɓuwa a wurin Allah?

3. Wane abu huɗu ne manzanni suka roƙi Al'ummai su guje wa?

4. Karanta Firistoci 19:9-18. Waɗanne umarnai ne aka maimaita a Sabon Alkawari? Me aya 9 da 10 suke koya mana game da masu kala a lokacin girbi?

5. Kai fa, ga me kake dogara domin cetonka, ga aikinka ko ga aikin Almasihu?

Ayar haddacewa: Romawa 15:4.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Maganarka. Ka ba mu Ruhunka ya buɗe mana ita. Ka tsare gidanmu daga nawayar da ba ka ɗora mana ba, ka tsare mu kuma daga raina umarninka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.